A Ba Masana Magani Izinin Yin Rigakafi, Amma Ban Da 'Yan Kemis

Duk wanda ya taɓa kwana a kasuwar Mil 12 ta Ikko ya san motar kaya ce ke tsara wa mutum yininsa. Tirelar tumatir ko albasa da ta taso daga Kano ko Sakkwato ba ta da sa'ar isowa. In ta iso ƙarfe uku na dare, to, gari ya waye ke nan ga dillali da ɗan dako da mai rumfa, ba kuwa wanda zai ɗaga kai sai bayan azahar, an sayar an yi lissafi. Haka abin yake a mayankar Oko-Oba ta Agege, haka yake a Alaba Rago, da Sabo ta Badun, da kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya.

Asibitin unguwa na gwamnati kuwa, inda ake yin allurar rigakafi kyauta, da safe yake wannan aiki, a ranakun aikin gwamnati, wasu alluran ma sai rana ɗaya ko biyu cikin mako. Kafin mutumin kasuwa ya sami kansa an rufe littafi an tashi. Amma a hanyarsa ta komawa masauki lalle zai wuce kantin magani a buɗe, da fitilarsa, har bayan lisha, wasu ma ba su san Asabar ko Lahadi ba.

Wannan shi ya sa maganar da ta daɗe tana yawo a ƙasashe da yawa, ta doka mai ba masanin haɗa magunguna, watau famasis, izinin yi wa mutane allurar rigakafi a kantinsa, ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu fiye da yadda suke zato. Ya kamata a ba da wannan izini, a rubuta shi cikin doka ƙarara yadda kowa zai gane. Amma fa in dokar ba ta raba famasis da ɗan kemis ba, kuma ba ta kula da maganar firji da kati da kuɗi ba, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

HALIN DA AKE CIKI

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta shekarar 2023 ta nuna akwai jarirai fiye da miliyan 2 a Nijeriya waɗanda ba su sami ko zagayen farko na allurar yau da kullum ba. Ba wata ƙasa a duniya da ta kai Nijeriya yawan irin waɗannan yara a wannan shekara. Galibinsu a Arewa suke, amma akwai su a unguwannin talakawa na manyan biranen Kudu, inda baƙi ke sauka.

An kuwa ga sakamakon. Tun daga ƙarshen 2022 ne cutar mashaƙo, wadda allura ke hanawa, ta tashi ta yi ɓarna mai yawa, Jihar Kano ta fi kowace jin jiki, kuma mafi yawan waɗanda ta kama yara ne da ba a yi musu allura ba ko ba a cika musu ba. A 2025 sai ga ta ta ɓulla a wata makarantar kwana ta Ikko. Cuta ba ta san kan iyakar jiha ba. Motar dare da ke kai mutane gida hutun salla ita ce ke dawowa da su, da duk abin da suka kwaso.

Ɗan Arewa a Kudu yana da dalilansa na rasa allura waɗanda ba ƙin ta ba ne. Matar da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo Idi-Araba ko Shagamu sau da yawa ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turancin buroka, ba ta kuwa fita sai da izinin maigida ko rakiyarsa, shi kuma yana kasuwa. Damina ta faɗi a koma gida noma, an yi wa jariri allurar mako shida a Agege, ta mako goma ta same shi a hanya, kati ya ɓace cikin kaya.

Manya kuwa ba mai tunawa da su. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai, saboda haka duk wanda aka haifa kafin nan bai samu yana jariri ba. Allura uku ce, ta biyu bayan wata guda, ta uku bayan wata shida da ta farko. Ga kuma cutar tatanas mai sarƙe haƙora, wadda ke shiga ta rauni mai datti. Mahauci da wuƙarsa, ɗan jari-bola da tsatsan ƙarfe, ɗan dako da ƙusar akwati, kowannensu kullum yana bakin haɗarinta. Wane ne cikinsu zai bar cinikin yini guda ya je ya bi layi domin ciwon da bai kama shi ba?

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Abin da ake magana a kai ba baƙo ba ne a duniya. A Amurka, masana magani na Jihar Washinton suka fara koyon yin allurar rigakafi a 1994, a 1996 ƙungiyarsu ta ƙasa ta kafa kwas na musamman, sa'an nan jihohi suka riƙa gyara dokokinsu ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 2009 duk jihohi 50 suka yarda. Shekara goma sha biyar ke nan ana tafiya a hankali. Da manya aka fara, da allurar mura mai tsanani ta lokacin sanyi, kana aka riƙa ƙarawa.

Fotugal ta ba da izini a 2007, Ailan a 2011. Ingila ta buɗe abin ga kantunan magani na ƙasar duka a 2015, inda tsofaffi da masu ciwon da ke raunana jiki ke samun allurar mura kyauta, gwamnati ta biya mai kantin ladan aikinsa. Faransa ta yi gwaji a yankuna biyu kaɗai a 2017, da ta ga ya yi kyau ta game ƙasa a 2019, a 2023 kuma ta ƙara musu yawancin alluran ga wanda ya kai shekara 11.

Da annobar korona ta zo, a watan Agusta na 2020 gwamnatin Amurka ta ba masana magani izinin yi wa yara 'yan shekara 3 zuwa 18 alluransu, domin iyaye sun daina kai yara asibiti. Amma ta gindaya sharuɗɗa: horo na sa'a 20 a ƙalla, da takardar shaidar iya farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da rubuta kowace allura cikin rajista, da tunatar da iyaye su kai yaro wurin likitansa. Duk da haka ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta nuna rashin yarda. Kantunan maganin ƙasar kuwa su suka yi wa jama'a allurar korona fiye da miliyan 300.

A nan gida ma, zamanin korona, hukumar kula da lafiya a matakin farko, watau NPHCDA, ta haɗa kai da ƙungiyar masana magani masu kantuna, aka yi wa mutane allura a wasu kantunan. Amma abin da aka yi cikin gaggawar annoba daban yake da doka mai ɗorewa, wadda mai kanti da mai zuwa kanti kowa ya san iyakarsa.

Abin lura cikin labarin waɗannan ƙasashe shi ne babu wadda ta ce duk mai sayar da magani ya ɗauki sirinji. Kowace ta faɗi wane ne, da wace allura, da ɗan shekara nawa.

ALLURA BA TA TAƁA ZAMA TA LIKITA SHI KAƊAI BA

Masu cewa aikin likita ne ake so a ƙwace sun manta da tarihi. Dattawan da ke da tabon lamba a dantse za su shaida cewa ba likita ne ya yi musu ba. Ma'aikata ne da aka horar na ɗan lokaci suka bi gari gari, kasuwa kasuwa, suka yaƙi agana. A ƙasar Ogoja ma, a Disamba 1966, wani likita Ba'amurke mai suna William Foege ya ga maganin da ke hannunsa ba zai ishi kowa ba, sai ya sa aka riƙa kewaye duk ƙauyen da cutar ta ɓulla ana yi wa mutanensa lamba. Wannan dabara ce duniya ta ɗauka. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya.

Zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, ma'aikatan lafiya na karkara da nas-nas da unguwarzoma su suka ɗauki nauyin rigakafin yara. Shan inna kuwa, wadda aka yi shelar Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta ran 25 ga Agusta 2020, mata ne 'yan unguwa suka bi gida gida da akwatin ƙanƙara suna ɗiga wa yara magani.

To, in haka ne, mutumin da ya yi shekara biyar ko shida a jami'a yana karatun magani, ya ƙara shekara guda ta koyon aiki ƙarƙashin manya, wanda ya san yadda magani ke lalacewa da yadda yake karo da wani a jiki, ba za a ce ba zai iya koyon soka allura a dantse ba. Ƙasar da likitocinta da nas-nas ɗinta ke ta ficewa waje neman aiki ba ta da halin barin irin wannan hannu a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Ga inda gizo ke saƙa. A bakin Bahaushe duk kantin da ake sayar da magani kemis ne, duk wanda ke tsaye a ciki kuma likita ne. A doka kuwa iri biyu ne, tsakaninsu da nisa. Akwai famasi, wanda dole ya kasance ƙarƙashin famasis mai rajista. Akwai kuma ƙaramin kanti na mai lasisin sayar da magungunan da ba su bukatar takardar likita, irin su farasitamol da maganin tari da gishirin zawo. Wannan na biyu lasisinsa bai ba shi ikon yi wa kowa allura ba, ko ta zazzaɓi, balle ta rigakafi. Bayan su kuma ga na uku wanda doka ba ta san shi ba ko kaɗan, mai tallar ƙwayoyi a faranti ko cikin mota, rana na dukan maganin tun safe.

Kowa ya san abin da ke faruwa a lunguna. A bayan labulen kantin kemis ana yin allura, ana ɗaura ruwa, yaron kanti da ya koya da gani shi ke yi. Ranar da rediyo ya ce gwamnati ta yarda a yi rigakafi a kantin magani, wanda zai fara rubuta allo ya kafa a ƙofarsa shi ne wanda dokar ba ta nufa ba. Kuma a unguwannin da 'yan Arewa ke zaune irin wannan kanti ya fi yawa, domin manyan famasi sun fi son bakin titi da unguwar masu hali.

Ƙasar nan ta sha ɗacin maganin banza. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Badun saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da guba. A ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe fiye da 80. Rigakafi ma bai tsira ba. A 1995, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, aka kai gudunmawar allura daga Nijeriya, ashe jabu ce, babu magani a ciki. Mutum fiye da 50,000 aka yi wa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 2,500 suka rasu a dalilin haka. Sharrin allurar rigakafi ta jabu ya fi na sauran magani, gama mai zazzaɓi in ya sha ƙwaya bai ji sauƙi ba zai nemi wata, amma wanda aka yi wa rigakafin banza zai tafi hankalinsa kwance, ba zai sani ba sai ranar da cuta ta zo.

Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta maye gurbin ta 1992, ta ba Majalisar Kula da Harkar Magunguna, watau PCN, ikon sa ido kan famasi da ƙananan kantuna gaba ɗaya. A kan wannan iko ya kamata a ɗora sabon izinin, ita ta ba da shi kanti kanti, ita ta karɓe shi ga wanda ya saɓa.

MAGANAR FIRJI

Allurar rigakafi ba kamar ƙwaya take ba. Mafi yawanta dole a ajiye ta cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har dantsen mutum. In ta yi zafi ta lalace. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wasu, kamar ta tatanas da ta ciwon hanta da ta haɗin cututtuka biyar da ake yi wa jarirai, in suka daskare ma sun lalace, ba kuwa lalle ido ya gane ba. Saboda haka firjin gida, wanda ake sa ruwan leda da lemo a ciki ana buɗewa kowane minti, wuta ta ɗauke ya huce, ta dawo ya daskare, ba wurin ajiyar rigakafi ba ne. Ana bukatar firji na musamman, mai aiki da hasken rana ko mai riƙe sanyi in wuta ta tafi, da ma'aunin sanyi da ake dubawa safe da yamma ana rubutawa.

A jikin kwalaben da gwamnati ke rabawa akwai wata 'yar alama, murabba'i cikin da'ira. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai ɓata maganin ba. In ya yi duhu kamarta ko ya fi ta, sai zubarwa. Wannan ilmi ne da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani.

Akwai kuma dalilin da ya sa asibiti ke ware rana. Allurar ƙyanda da ta shawara da ta tarin fuka gari ne a kwalba, sai an haɗa da ruwansa, kwalba guda ta mutum goma ce ko ashirin, in an haɗa kuma bayan sa'a shida sai a zubar da abin da ya rage. Shi ya sa ma'aikaciya ke jira yara su taru. Kantin da zai sami yaro ɗaya yau, biyu gobe, ko ya yi asara, ko ya ajiye ragowar ya yi wa wani da ita washegari, wannan kuwa ganganci ne da rai. Amma ta tatanas da ta ciwon hanta, in an kiyaye sanyi da tsabta, kwalbar da aka buɗe tana iya kai kwana 28. Ashe ke nan maganin da kansa ya nuna waɗanne allurai suka dace da kanti.

YARDA TA FI KOME TSADA

Ɗan Arewa yana da abin da yake tunawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara, cikin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma a zuciyar talaka duk tafiyarsu ɗaya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargi, Kano ba ta koma ba sai Yuli 2004, kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, yara da yawa suka nakasa. Shekaru aka yi, da sa bakin sarakuna da malamai, kafin yarda ta dawo.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Yaro ɗaya ya mutu a bayan labulen kemis da sunan rigakafi, labarin zai isa Kano da Katsina ta waya kafin a yi masa sutura, ba kuwa wanda zai tsaya tambayar ko mai kantin na da lasisi. Asibitin gwamnati ne zai biya bashin, iyaye su daina kai yara.

Nan ne maganar likitoci ke da gaskiya a ciki, ko da yake an san tsohuwar gasa da ke tsakaninsu da sauran ma'aikatan lafiya. Wani lokaci, kamar sau ɗaya cikin miliyan, jikin mutum kan ƙi allura nan take, numfashi ya toshe, in ba a yi masa allurar adiranalin cikin mintoci ba sai a rasa shi. Dole mai yin rigakafi ya iya gane wannan, maganin na kusa da hannunsa. Har wa yau, ranar allurar jariri ba allura kaɗai ake yi ba. Ana auna nauyinsa, a duba ko yana samun nono, a ga ko tamowa ta fara, a duba uwar ita ma. Kanti ba zai yi wannan ba.

ABIN DA YA KAMATA DOKAR TA ƘUNSA

Na farko, izinin na famasis mai rajista ne shi da kansa, wanda ya yi horo na musamman ya ci jarrabawa. Ba ya wuce wa yaron kanti, in maigidan ba ya nan babu allura. A ba kantin da aka yarda da shi alama guda ɗaya wadda ake ganewa ko ba a iya karatu ba, a yi shelarta a rediyo da Hausa da Yarbanci da Ibo da buroka.

Na biyu, a fara da manya da matasa: tatanas, da ciwon hanta, da rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a Oktoba 2023, da duk wadda hukuma ta umarta lokacin annoba. Jarirai su zauna a asibiti. Aikin famasis game da su shi ne ya duba kati, ya faɗa wa uba abin da ya rage, ya nuna masa asibitin da ya fi kusa da ranar da ake yi. In an yi shekaru an ga kyan abin, sai a duba ƙari, kamar yadda Faransa ta yi.

Na uku, maganin ya fito daga ma'ajin gwamnati ko daga dillalin da NAFDAC ta sani, da lambar kowace kwalba a rubuce. Wanda aka kama da rigakafin da ya saro a kasuwa a rufe kantinsa. Kafin a ba da izini jami'i ya ga firjin da idonsa, ya riƙa komowa ba da sanarwa ba.

Na huɗu, allurar da gwamnati ke bayarwa kyauta ta zauna kyauta. In mai kanti zai sami ladan aikinsa, gwamnati ko inshorar lafiya ta biya, ko a yanka ɗan abu ƙayyadadde a manna a bango. In aka bar farashi ga kasuwa, masu mota za su samu, ɗan dako ya koma inda ya fito.

Na biyar, kowace allura ta shiga kati ta shiga rajistar ƙaramar hukuma, kuma katin da aka rubuta a Agege a karɓe shi a Funtuwa, na Funtuwa a karɓe shi a Fatakwal. Mai sayar da kati ba tare da allura ba a hukunta shi kamar mai sayar da jabun magani.

Na shida, a sa wa masu neman izini sharaɗin kusantar jama'a. Famasis ɗin da ya yarda ya buɗe reshe kusa da kasuwa ko zango, ko ya riƙa zuwa da akwatin sanyi ranar da aka shirya da shugabannin kasuwa, a sauƙaƙa masa kuɗin rajista, a taimake shi da firji. In ba haka ba, dokar za ta ƙare a Ikoyi da Ikeja.

KAFIN NAN

Doka tana hannun 'yan majalisa da ma'aikatun lafiya na Tarayya da na jihohi, amma akwai abin da ke hannun jama'a tun yau. Sarakunan Hausawa na Agege da Badun da Shagamu da Anaca, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan tumatir da mahauta da direbobi, su ne gwamnatocin jihohin Kudu ke nema in zaɓe ya zo. Su yi amfani da wannan ƙofa su nemi a sa bakinsu cikin maganar, su nemi asibitin unguwa ya ware yammacin rana guda ko safiyar Asabar, a sa mai jin Hausa a wurin. Limamai kuma su tuna wa magidanta cewa rakiyar iyali zuwa allura na cikin haƙƙin da ke wuyansu.

Shi kuma mai karatu, duk wanda ya ce zai yi masa rigakafi a kanti, ya nemi ganin lasisinsa na bana a bango, ya ga an ciro kwalbar daga firji a gabansa, ya duba alamar da ranar lalacewa, ya ga an ɓare sabon sirinji, ya zauna minti goma sha biyar kafin ya tafi, ya karɓi kati. Wanda ya yi fushi da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. Jariri kuwa a kai shi asibiti: ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, da wata 15. Katinsa a sa cikin leda a ajiye tare da takardun gida, in za a tafi Arewa a tafi da shi.

Kowa ya san rigakafi ya fi magani, amma sai in rigakafin na gaske ne, daga hannun wanda ya san aikinsa. Allah ya ba shugabanni ikon tsara abin yadda zai amfani talaka, ya kare zuriya daga annoba, amin.